Tsintsiyar Mwaka

Ni ce Mwaka ta layin famfo a Chowa,
wadda ko allura ta faɗi a tsakar gidanta sai an gani.
Kafin zakara ya gama gyaran murya
tsintsiyata ta yi wa ƙasa kitso,
layi bayan layi, har bakin ƙofa.
Mata na cewa duk faɗin Kabwe
ba mai tsabtar matar Kangwa.
Kaina ya kumbura, na ƙara sharewa.

Ubana ya ba ramin haƙar dalma shekara ashirin da shida,
ramin ya sallame shi da tari da agogon hannu.
Da masu kamfani suka naɗe tabarmarsu
sun bar mana baƙin tsibi a bayan gari,
iska na ɗiba, tana bi gida-gida,
mai rabon da ba ta tsallake kowa.

A nan Lubuto ya yi rarrafe.
Ya san ɗanɗanon ƙasar nan kafin ya san gishiri.
Na ce ai yaro ne, wane yaro bai ci ƙasa ba?
Yau shekararsa tara,
bakwai sau bakwai ta ƙi zama a kansa,
a zuba da safe, kafin yamma ta yoye
kamar ruwa a kwando.
Malam Sichone ya rubuto: rago ne.
Na yarda.
Na karyo tsumagiya a jikin gwaiba.

Ran Talata farar mota ta tsaya a layinmu.
Sista Namukolo ta soke shi a yatsa,
ɗigo ɗaya, ko uffan bai ce ba.
Na'ura ta yi jim, ta kawo lamba.
Sista ta dubi lambar, ta dube ni, ta sake duba.
Ta ce, dalma ce a jininsa.
Na ce, daga ina? Ko ƙwayarta ba mu ajiye ba.
Ta shafi bakin taga, ta nuna mini yatsa:
ga ta nan.
Tana gindin gado, tana ganyen kabewarki,
tana takalmin maigida in ya dawo daga tonon tsibi.
Ba ta wari, ba ta ɗaci, ba ta ruɓewa.
Sannan ta ce, Mama, kina shara?
Na miƙe wuya: sau uku a rana!
Ta ce, ki daina.
Tsintsiya ba korarta take ba, tashinta take yi.

Ashe garin neman gira na taɓa ido.
Abin da na ɗauka na kora waje
hancin ɗana nake aika wa, safe, rana, dare,
ina rera waƙar coci.

Yanzu tsumma ne da ruwa, a durƙushe.
Bokiti kwacha biyu a famfo,
kullum sai na raba shi tsakanin tukunya da daɓe.
Na ce wa Kangwa ya bar tsibin nan.
Ya ce, to, da me za ki tuƙa nshima?
Ban da amsa.
Na dai sa shi cire takalmi a waje,
ya shigo ɗakinsa kamar baƙo.

Na tuge kabewa, na dasa ciyawa inda nake kitso.
Mata sun ce Mwaka ta zama ƙazama.
Su ce.
Tsintsiyar na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi mata mayafi.

Jiya da dare na ce, Lubuto, bakwai sau bakwai?
Ya ce, arba'in da...
ya tsaya,
idonsa ya tafi kan gwaiba.
Na ce, bar shi, ɗana.
Kawo hannunka in wanke,
har ƙarƙashin farce,
ka zo mu ci tun da zafi.